Kwana huɗu a Lisbon da tsohuwa mai ciwon gwiwa: a ba ni shawara

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan gida. Ƙanina zai kammala karatunsa a Coimbra, ƙasar Fotugal, cikin watan Yuni, Hajiyarmu kuma ta kafe sai ta je ta gani da idonta. Ni zan raka ta, da mai ɗakina. Biza ta fito, alhamdulillahi. Bayan mun gama da yaron muna da kwana huɗu a Lisbon kafin ranar jirginmu. Damuwata guda ce: Hajiya ta haura saba'in, kuma gwiwarta ta dama ba ta barin ta ta yi doguwar tafiya. Wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mini gaskiya, ina za mu sauka, me za mu ci, me ya cancanci a fita dominsa?

Maman Sultan: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya sa a yi taro lafiya. Baban Hanifa, tun kafin a yi nisa: kada ka kama masauki a Alfama. Na sake maimaitawa, kada ka kama. A hoto za ka ga gidaje masu jan rufi, ga teku a bayansu, ranka ya biya. Ni hoton nan ne ya ja ni. Mai tasi ya sauke mu a bakin wani lungu ya nuna sama da yatsa, ya ce mota ba ta shiga. Na ja akwatina a kan duwatsun nan nasu ƙanana da suke shimfiɗawa a hanya, ban yi taku hamsin ba tayar akwati ta fita ta gangara ta bar ni. Sai a kai na ɗora, kamar mai tallan gyaɗa, Turawa na zaune suna shan gahawa suna kallona. Da muka isa gidan kuma hawa na uku ne, babu na'urar hawa. Garin a kan tuddai bakwai aka ce yake, ni dai na ƙirga fiye da haka da ƙafata.

Alhaji Sai Lissafi: To ni tambayata ita ce, kwana huɗun nan na mene ne? An ga yaro, an yi masa addu'a, a juyo gida. Kuɗin otal na mutum uku da yuro, a wannan canjin? A haɗa a kai Hajiya Umara, ya fi mata kallon gine-ginen Nasara.

Baban Hanifa: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Hajiya ta yi Umara bara. Tikitin da muka samu mai sauƙi ne ya zo da wannan ranar, in na matso da ita abin da zan biya ya fi kuɗin otal ɗin.

Alhaji Sai Lissafi: To wannan lissafi ne, na karɓa.

Bahaushen Amadora: Barkanmu da war haka. Shekarata shida a nan, a gefen Lisbon nake zaune. Maganar Anti Maman Sultan gaskiya ce. Yaya, ka nemi masauki a Baixa, wato tsakiyar gari, tsakanin dandalin Rossio da bakin ruwa. Nan ne kaɗai shimfiɗaɗɗen wuri a tsohon gari. Ko kuma ta wajen Saldanha, can ma ba laifi, ga jirgin ƙarƙashin ƙasa jan layi yana zuwa kai tsaye daga filin jirgi. Kafin ka biya ka rubuta musu ka tambaya ko akwai na'urar hawa bene, kada ka ɗauka akwai. Ka kuma sa a lissafinka harajin baƙi, yuro 4 ne kowane dare kan kowane babba, daban da kuɗin ɗaki.

Gyara ɗaya ga Anti: ruwan da kika gani ba teku ba ne, kogin Tejo ne. Faɗinsa ne ya sa kowa ke rantsuwa teku ne. Teku na gaba kaɗan.

Maman Sultan: Kogi ko teku, gwiwata dai ta ji a jikinta.

Malam Na Zazzau: Tunda an ambaci Baixa bari in sa baki, don shimfiɗar wurin nan tana da dalili. Ranar 1 ga Nuwamba 1755, da hantsi, girgizar ƙasa ta afka wa Lisbon. Ranar wani babban idin Kiristoci ce, coci-coci sun cika, an kunna kyandirori ko'ina. Gine-gine suka rufta, waɗanda suka tsira suka ruga bakin ruwa don nan ne fili. Sai suka ga ruwa ya janye, bayan ɗan lokaci ya dawo da igiya ya shanye su. Wuta kuma ta yi kwanaki tana ci. Dubun dubata suka mutu, har Maroko girgizar ta yi ɓarna. Wazirin sarki na lokacin, wanda daga baya aka sani da Markis na Pombal, shi ya sa aka share tarkacen tsakiyar gari aka zana tituna miƙaƙƙu kamar da igiyar awo. Cikin bangon gidajen aka sa firam na katako kamar keji, don in ƙasa ta motsa ginin ya yi lilo maimakon ya tsage. Shi ya sa Baixa ba ta yi kama da sauran tsohon garin ba.

In kuna so ku ga tabon abin, ku je cocin Carmo. Har yau babu rufi, ginshiƙai ne kawai a tsaye, ka ɗaga kai ka ga sararin samaniya.

Bahaushen Amadora: Malam, Carmo a kan tudu yake fa. Su hau tasi zuwa ƙofar.

Indo Maraɗi: Ni daga Faransa muka je da yara lokacin hutu. Abin da nake so in ja kunnen uwargida a kai shi ne abinci. Mutanen nan da alade kamar Bahaushe da yaji, a komai sai sun jefa. Akwai wata miyar ganye mai suna caldo verde, ka ganta kore shar ka ce ta masu cin ganye ce, sai ka sa cokali ka tsamo yankan tsiren alade. Ku riƙe kalmar nan: porco. Ku riƙe chouriço da presunto, duk shi ne. Kifi kuwa sai wanda kuka zaɓa. A watan Yuni ma lokacin sadin ne, bikin waliyyinsu Antoniyo, kowane lungu ana gasa shi a kan gawayi, hayaƙi ya turnuƙe unguwa kamar layin masu tsire. Sai dai daren 12 ga wata kada ku fita da Hajiya, cinkoso da giya sun yi yawa.

Sai bacalhau, kifi ne da ake cuɗe shi da gishiri a busar, sai an jiƙa shi kafin a dafa. Wanda suke yi da ƙwai da siraran dankali ya yi mini daɗi. Mijina ya ce wari yake masa.

Maman Sultan: Indo kin manta da tarkon burodi! Baban Hanifa, kuna zama za a jera muku burodi, zaitun, man shanu, wani lokaci da cuku. Ni da na gani na ce kai, mutanen nan akwai karamci, har na tura wa yara na ce ku ci kafin abinci ya iso. Takardar kuɗi na zuwa na ga an lissafa har ƙwayar zaitun. Ba cuta ba ce, al'adarsu ce: abin da ka taɓa ka biya, wanda ba ka taɓa ba ka ce a ɗauke.

Alhaji Sai Lissafi: Ka ji ko. Garin da ake sayar wa baƙo ruwan maraba.

Bahaushen Amadora: Alhaji ai mu ma in mun je gidan abinci a Kano ba kyauta ake ba mu lemo ba. Game da halal, Yaya, kada ka damu. Ka je Martim Moniz ka shiga titin Benformoso, 'yan Bangladash ne da 'yan Pakistan da Nepal, shagunan nama, shinkafa da kaza mai yaji wadda Hajiya za ta iya ci, ga ƙananan masallatai a cikin gidaje. Juma'a kuwa ku je babban masallaci, kusa da Praça de Espanha, shuɗin layi ke kai ka. An buɗe shi a 1985, akwai sashen mata. Za ka ga Fulani da Mandingo na Gine Bisau da yawa, da mutanen Mozambik. A Yuni agogonmu ɗaya da na Najeriya, amma rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare, ku shirya wa magariba da isha a makare.

Malam Na Zazzau: Wannan Martim Moniz ɗin akwai abin mamaki a sunansa. Musulmi sun mulki Lisbon sama da shekara ɗari huɗu, har zuwa 1147 da Afonso Henriques, sarkin Fotugal na farko, ya ci garin da taimakon mayaƙan Salibiyya da suka biyo ta teku. Labarin da suke bayarwa shi ne wani barde mai suna Martim Moniz ya cusa jikinsa a ƙofar ganuwa don kada a rufe ta, ya mutu a nan, 'yan'uwansa suka shige. Shi aka sa wa dandalin sunansa. Yau a wannan dandali Musulmi ke shimfiɗa darduma su yi sallar idi. Unguwar da ke jikinsa, Mouraria, nan aka tattara Musulmin da suka rage bayan an ci garin, sunan ma ma'anarsa ke nan. A ƙarshen 1496 sarki Manuel na ɗaya ya ba da umarni Yahudawa da Musulmi su karɓi Kiristanci ko su bar ƙasar.

Harshen kuwa bai bar ƙasar ba. Alfama da ta karya wa Hajiya Maman Sultan akwati daga Larabci take, al-hamma, maɓuɓɓugar ruwan zafi. Tayil ɗin nan mai zane da suke lulluɓe bango da shi, azulejo, Larabci ne. In Bafotugale zai yi fatan abu sai ya ce oxalá, ana furta shi oshala. Ku saurara da kyau ku ji me ya yi kama da shi.

Maman Sultan: In sha Allah! Wallahi na ji suna faɗa ban kawo komai ba.

Baban Hanifa: Malam, Allah ya ƙara ilimi. To taragon nan mai ruwan ɗorawa da nake gani a kowane hoto fa? Na ce ko shi zai hutar da Hajiya hawan tudu.

Bahaushen Amadora: Lamba 28 ke nan. Yana tashi daga Martim Moniz ya ratsa Graça da Alfama ya sauko Baixa ya haura Estrela. Hanyar tana da kyau, yana bi ta lungunan da in ka miƙa hannu za ka taɓa bangon gidan mutane. Amma ƙaramin tarago ne, kujerun katako, layin shiga kuma da rana sai ka yi awa a tsaye. In ba ku samu kujera ba Hajiya ba za ta iya ba, birkinsa kamar ana fizgar mutum. Ku je da sassafe ku hau daga tashar farko, ko ku haƙura. Zuwa ganuwar São Jorge kuma akwai ƙaramar bas lamba 737 daga Praça da Figueira, tana kai ku kusa da ƙofa.

Indo Maraɗi: Kuma a riƙe jaka a gaba. A cikin taragon nan aka zare wa mijina walat. Wata mata ce ta buɗe taswira a gabansa kamar mai neman hanya, wani ya matse shi ta baya, a tasha ta gaba suka sauka tare. Sai da muka zo biyan kuɗin ruwa ya shafa aljihu. Allah ya taimake mu fasfo na otal. Mutumin da ya yi shekara goma yana shiga kasuwar Maraɗi ba a taɓa yi masa ba!

Ɗan Zangon Kumasi: Ina ta karatu ban ce komai ba, amma na ga har yanzu ba wanda ya ambaci unguwar Belém da ke bakin kogi, kuma na san can za a tura su. Ku je, amma ni raina bai yi daɗi ba a wurin. Akwai wani dogon gini a bakin ruwa mai siffar goshin jirgin ruwa, an jera mutum-mutumi 33, Yarima Henrique na Fotugal a gaba yana riƙe da ɗan jirgi. Sunansa wai abin tunawa da gano ƙasashe. A ƙasa an shimfiɗa taswirar duniya da dutse, da shekarun da jiragensu suka isa kowane wuri. Na tsaya a kan gaɓar Afirka ta Yamma, takalmina a kan ƙasarmu, ina kallon yara suna tsalle daga nahiya zuwa nahiya ana ɗaukar su hoto. Ni na shiga kurkukun Elmina a nan Gana. Mutanen Fotugal ne suka gina shi a 1482, sunansa na asali São Jorge da Mina, sunan waliyyi ɗaya da ganuwar da za ku hau da bas. Na ga ɗakin da ake tara mata, na ga 'yar ƙofar da ake fitar da mutane zuwa jirgi. A jikin wancan gini na Belém ban ga fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Alhaji Sai Lissafi: To kun ji. Ka biya kuɗin jirgi ka je ka yi hoto da waɗanda suka sayar da kakanninka.

Malam Na Zazzau: Ɗan Zango bai faɗi ƙarya ba. An kafa ginin nan a 1960, zamanin mulkin kama-karya na Salazar, cika shekara 500 da mutuwar Henrique, lokacin da sauran Turawa ke sakin ƙasashen Afirka su kuwa suna ƙara riƙe Angola da Mozambik da Gine. A shekarar da Najeriya da Nijar suka samu 'yanci ke nan. Henrique ɗin kuma yana nan a kan doki a 1444 lokacin da aka raba bayi sama da ɗari biyu a garin Lagos na kudancin Fotugal, aka ware masa kasonsa. E, Lagos. Sunan da muke kiran Ikko da shi daga bakinsu ya fito, haka ma Kamaru, daga kalmarsu ta jatan lande. A tsakiyar ƙarni na 16 kusan mutum ɗaya cikin goma a Lisbon bawa ne. Mu Hausawa ma abin bai tsallake mu ba: an kai namu Bahia ta Brazil, kuma su suka kitsa yunƙurin tawaye na 1807 tun ƙasar tana hannun Fotugal.

Amma Alhaji, a nan na rabu da kai. In za mu yi maganar wanda ya sayar, sai mu tambayi wa ya kamo su daga cikin ƙasa ya kai su gaɓa. Mu ma muna da kasuwannin bayi a garuruwanmu, kuma ban ga allon da muka kafa ba. Ni na fi son Bahaushe ya je ya tsaya a kan taswirar nan yana sane da abin da ke ƙarƙashinta, da ya zauna a gida.

Ɗan Zangon Kumasi: Malam, ban ce mu wankakku ba ne. Amma mu ba mu gina hasumiya muna karɓar kuɗin shiga ba.

Malam Na Zazzau: Wannan kuma ka ci ni.

Maman Sultan: Ku dai ku bar bawan Allah ya kai mahaifiyarsa ta sha iska. Baban Hanifa, Belém shimfiɗaɗɗe ne, ya dace da Hajiya. Gidan ibadar Jerónimos na nan, an fara gina shi a 1501, dutse an sassaƙa shi kamar saƙar hula, igiyoyin jirgi da ganyaye duk na dutse. Kabarin Vasco da Gama na ciki, wanda ya tashi daga nan a 1497 ya zagaya Afirka ya isa Indiya. Kada ku je ranar Litinin, a rufe yake. Ku sayi tikiti ta intanet, don layin a rana ake yin sa. Sannan ku gangara shagon Pastéis de Belém, tun 1837 suke gasa abu ɗaya: ɗan ƙoƙon fulawa mai ɓawo-ɓawo, cikinsa madara da gwaiduwar ƙwai, samansa ya ɗan ƙone. A barbaɗa kirfa a ci da zafinsa. Sirrin shi ne kada ku bi layin masu saye su tafi, ku shige ciki, ɗakuna ne a jere da kujeru da yawa. Na ci huɗu a zaune, na kuma sa aka ƙunsa mini shida wai na yara.

Malam Na Zazzau: Da harajin barkono da kayan ƙamshin Indiya aka gina Jerónimos ɗin ma.

Maman Sultan: Malam don Allah a bar ni in ci abuna cikin kwanciyar hankali.

Admin: Jama'a a ci gaba da mutunta juna. Alhaji, na goge saƙonka na ƙarshe, ka san dalili.

Baban Hanifa: Na gode ƙwarai. Wani abokin aikina ya ce in ban je Sintra ba ban je Fotugal ba. Yaya kuka gani?

Bahaushen Amadora: Minti arba'in ne a jirgin ƙasa daga tashar Rossio, akwai fadoji da ganuwar da Musulmi suka gina a kan dutse. Amma in Lisbon tudu ce, Sintra tsauni ce. Ba da Hajiya ba. Ku hau jirgi daga Cais do Sodré zuwa Cascais, yana bin bakin ruwa har ku ga inda kogi ya shiga teku, ta zauna ta taga ta yi kallo. Ko ku hau jirgin ruwa ku tsallaka Cacilhas, minti goma ne, daga can za ta ga garin gaba ɗaya da jar gadar 25 ga Afrilu ba tare da ta taka tudu ko ɗaya ba. Kowa ku saya masa katinsa guda ku zuba masa kuɗi, yana yi a bas da tarago da jirgin ƙasa da na ruwa. Takalmi kuma mai roba a ƙasa, duwatsun nan sun sha taku sun yi santsi, silifas ɗin fata zai kayar da ita.

Abu na ƙarshe, ga Ɗan Zango musamman. A bayan Rossio akwai wani ɗan fili, Largo de São Domingos, gaban wani coci da gobara ta taɓa ci aka bar bangon cikinsa da tabon wuta. A nan aka fara kisan Yahudawa na 1506, akwai dutsen tunawa a wurin. Kullum da yamma za ka tarar da dattawan Gine Bisau a tsaye da dogayen riguna da huluna suna hira, mata sun baza 'yan kaya. Ranar da na fara zuwa garin nan, ban san kowa ba, na ga wata tsohuwa ta buɗe jiƙaƙƙen tsumma a kan cinyarta, goro ne fari da ja. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta. Na yi sallama ta amsa, na miƙa kuɗi, ta zaɓo mini ɗaya ta ƙara mini ɓari. Na tsaya a wurin ina tauna har aka fara kunna fitilu.

Ɗan Zangon Kumasi: Wannan ban gan shi ba. Da na sani da can na fara.

Baban Hanifa: Na karanta wa Hajiya saƙonninku duka bayan isha. Ta ce tarago a kai kasuwa, Sintra ma haka. Jirgin ruwa tana so, masallaci dole, kuma a kai ta wajen mai goro don nata ba zai kai kwana goma ba. Da na zo kan maganar Ɗan Zango ta yi shiru, sannan ta ce a kai ta taswirar ita ma, tana so a nuna mata inda Kano take. Na kama ɗaki a Baixa, hawa na ɗaya, sun tabbatar akwai na'ura.

Malam Na Zazzau: Ka gaya mata ba za ta ga sunan Kano ba, bakin ruwa kaɗai suka rubuta. Sai dai ka auna mata da sandarta daga gaɓa zuwa arewa.

Bahaushen Amadora: Yaya, in kun sauka ka yi mini magana ta akwatin sirri, ranar Juma'a ba na aiki, zan zo in kai ku masallaci. In da hali a taho mini da yajin ƙuli da daddawa, a ɗaure da kyau. Kilishi kam kada ku ɗauko, za a karɓe a filin jirgi.

Alhaji Sai Lissafi: Nawa ka biya ɗakin?